MOTA DA MAI ITA: Ƙofar EGR da laifin da ake ɗora mata

A garejin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun lokacin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara maye gurbin tsofaffin Peugeot 504. Da zarar ƴar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunna a gaban direba, aka jona na'urar bincike wadda makanikai ke kira baliz, aka ga haruffan EGR sun fito, sai a yanke hukunci nan take. Ko dai a tura mai mota ya sayo sabuwar van, ko kuwa a yanko ƙarfen gwangwani a toshe hanyar baki ɗaya. Sau da yawa ana yin ɗaya daga cikin biyun nan ba a auna ko waya guda ba. Mai mota ya biya, ya tafi, bayan kwana uku fitila ta sake kunnawa, daga nan kuma sai cacar baki tsakaninsa da makanike, kowa na ganin ɗan'uwansa ya zalunce shi. Alhali kuwa lambar da baliz ke nunawa ba ta taɓa cewa van ta mutu ba. Abin da take cewa kawai shi ne ƙwaƙwalwar mota ta ga abin da bai yi mata daidai ba a wannan sashe. Gano ko mene ne, aikin mutum ne.

Kafin a kai ga gyara, ya kamata mai karatu ya san amfanin abin. Iskar da inji ke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari nata nitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. A zaman lafiya waɗannan biyun ba su haɗuwa, amma idan zafin ƙuna a cikin silinda ya kai wajen digiri 1,400 ko ya zarce, sai su haɗu su haifar da wata iska mai guba da masana ke rubutawa NOx, wadda ke cin huhu, tana tayar da fuka, tana kuma cikin abubuwan da ke turnuƙe sararin manyan birane. Dabarar da injiniyoyi suka samo, wadda ta fara yaɗuwa a motocin Amurka a farkon shekarun 1970, ita ce a ɗebo kaɗan daga cikin hayaƙin da ya riga ya ƙone a mayar da shi cikin inji. Tun da hayaƙin nan ba ya sake ci da wuta, sai ya tare wuri, ya sassauta zafin ƙunar, gubar ta ragu. Van EGR ba wani abu ba ce illa ƴar ƙofar da ke tsakanin hanyar fitar hayaƙi da hanyar shigar iska, wadda ke buɗewa da rufewa bisa umurnin ƙwaƙwalwar mota. A Turai, inda mafi yawan motocin kwatano da ke yawo a titunan ƙasar nan suka fito, dokokin hayaƙi sun yi ta ƙara tsanani daga Euro 1 a 1992 har zuwa Euro 6 a 2014, shi ya sa da wuya a ga motar gazuwal ta bayan shekarar 2000 da ba ta da wannan ƙofa.

Akwai bambanci tsakanin injin isansi da na gazuwal, kuma rashin saninsa ya sha ɓatar da masu gyara. A injin isansi ƙofar tana rufe lokacin da inji ke da sanyi, da lokacin da yake ralanti, da lokacin da aka taka totur har ƙasa. Tana buɗewa ne kaɗan a tsakiyar tafiya. A injin gazuwal kuwa takan buɗe sosai har a ralanti da ƙaramin gudu, a wasu injuna hayaƙin da ake mayarwa yakan kusan kai rabin abin da inji ke shaƙa. Saboda haka alamun cutar ma sun bambanta. Motar isansi da ƙofarta ta maƙale a buɗe za ta riƙa kakkarwa a tsaye, tana mutuwa a mahaɗar hanya, tana wuyar tashi. Idan a rufe ta maƙale, direba zai ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani duk lokacin da ya hau tudu ko ya ɗauki kaya. Motar gazuwal da ƙofarta ta tsaya a buɗe, baƙin hayaƙi za ta yi ta fesawa, ƙarfinta ya tafi. Wadda ta tsaya a rufe kuwa, wani lokaci ba abin da direba zai lura da shi sai fitilar kaɗai.

To, sai batun lambobi. Tun 1996 a Amurka, a Turai kuma tun 2001 ga motocin isansi da 2004 ga na gazuwal, doka ta wajabta wa kowace mota mahaɗi iri ɗaya mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, da lambobin ɓaci waɗanda ma'anarsu ɗaya ce ko wane kamfani ne ya ƙera motar. Na sashen EGR suna farawa daga P0400. Lamba P0401 tana nufin hayaƙin da ke wucewa bai kai yadda ake so ba, P0402 kuma ya yi yawa. P0403 magana ce a kan wutar da ke sarrafa ƙofar, haka P0489 da P0490 waɗanda ke cewa wutar layin umurni ta faɗi ƙasa ko ta hau sama. P0404 tana cewa ƙofar ba ta tsaya inda aka umurce ta ba, P0405 da P0406 kuma sun shafi ɗan ma'aunin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa matsayin ƙofar. Duk wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga gida biyu ne: akwai lambobin da ke kukan wuta, akwai masu kukan hayaƙi. Makaniken da ya kwance ƙofa ya yi ta wankewa da isansi saboda P0403, ya yi aikin banza, domin wanki ba ya haɗa wayar da ta tsinke. Wanda kuma ya yi ta bin wayoyi saboda P0401 alhali hanya ce ta toshe, shi ma ya ɓata yininsa.

Kuskure na farko da aka fi yi shi ne goge lambar tun kafin a rubuta ta. Ƙwaƙwalwar mota tana ajiye, tare da lambar, bayanin halin da inji yake ciki a lokacin da ɓacin ya faru: gudunsa, zafin ruwansa, nauyin da ke kansa. Wannan shaida ce, kuma mai hankali ba ya kore shaidarsa kafin a zauna shari'a. Ɓacin da ke fitowa sai inji ya yi zafi ƙwarai ba ɗaya yake da wanda ke fitowa da zarar an murɗa makulli ba.

Idan lambar ta wuta ce, a fara daga abu mafi araha. A auna batir: mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6 idan inji na kashe, wajen bolt 14 idan yana aiki, kuma batir da ya gaji yakan sa ƙwaƙwalwa ta yi ta surutan lambobin da ba su da tushe. A duba fiyus, domin a motoci da yawa fiyus guda ke ciyar da ƙofar EGR tare da wasu ƙananan na'urori, idan ya ƙone sai lambobi uku ko huɗu su fito lokaci ɗaya. Sannan a zare mahaɗin wayar da ke kan ƙofar a dube shi da kyau cikin haske. A nan ne ake samun mafi yawan abin kunya: baki ɗaya ya yi tsatsa ko ya yi kore, wani ya buɗe ba ya kama ɗan'uwansa, wani ya koma baya cikin robarsa. Ƙofar EGR tana zaune kusa da wuri mafi zafi a jikin inji, a ƙasar da zafin Afirilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, don haka robar waya takan bushe ta farfashe tun kafin lokacinta. A ƙara da masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikin inji, da ɓerayen da ke kwana a motar da aka daɗe da jinginewa, da kuma girgizar hanyar da ba kwalta, wadda ke goga waya a jikin ƙarfe har ta ci ta.

Bayan ido sai ma'aunin wuta, wato miltimetir, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar van ba, amma abin mamaki garejin da ba su da shi suna da yawa. A murɗa makulli ba a tayar da inji ba, a nemi wutar batir a bakin da ke kawo ta. Idan babu, ɓacin yana baya, tsakanin fiyus da mahaɗi, van ba ta da laifi. Idan akwai, a kashe makulli a auna naɗin wayar da ke cikin na'urar kanta, a gwada abin da aka samu da abin da littafin wannan motar ya faɗa, ba abin da aka saba gani a wata motar ba. Naɗin da ya tsinke ba ya nuna komai, wanda ya ƙone ya haɗe yana nuna kusan sifili. Idan shi ma lafiya lau ne, saura wayar umurni da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. A mafi yawan motoci ƙwaƙwalwa ba wuta take turowa ba, mas take bayarwa tana yankewa da sauri-sauri, gwargwadon buɗewar da take so. A bi wayar nan daga wannan baki zuwa wancan, ana aunawa ana girgiza damin wayoyin da hannu, domin wayar da ta karye cikin robarta takan haɗu ta rabu da motsi.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Waya tana iya cinyewa saura sili ɗaya tak, ma'auni ya nuna tana da lafiya domin shi ƴar ƙaramar wuta yake turawa, amma da zarar na'ura ta nemi wutar aiki sai silin ya gaza. Maganin haka shi ne a auna wutar lokacin da mahaɗi yake jone kuma ƙofar na ƙoƙarin aiki. Idan bolt 12 ta rikiɗe ta koma 6 ko 7, to akwai inda wuta ke maƙalewa a hanya. Kuma kada a huda robar waya da allura don neman sauƙi, domin ramin nan shi ne ƙofar ruwa da tsatsar shekara mai zuwa. Haka nan tsohuwar dabarar gwaji da ƙwan fitilar mota, wadda ta yi amfani a zamanin 504, tana iya ƙona ƙwaƙwalwa idan aka ɗora ta a kan layinta, a wayi gari ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ɗan ma'aunin matsayin ƙofa yawanci wayoyi uku gare shi: ɗaya mai kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya mas, ɗaya mai mayar da labari. A mafi yawan motoci labarin yana farawa ƙasa da bolt 1 idan ƙofa na rufe, ya yi ta hawa a hankali zuwa wajen 4 yayin da take buɗewa, ko da yake wasu kamfanoni sun juya lissafin. Abin lura shi ne hawan ya zama sumul, ba tsalle ba yankewa. Bolt 5 ɗin nan kuma sau da yawa rabonta ake yi tsakanin ma'aunai da dama, ta yadda idan wani can daban ya haɗe, sai ya ja kowa ƙasa, EGR ta sha zargi a kan laifin maƙwabcinta. Kada a kuskura a jona wutar batir kai tsaye a waɗannan bakuna.

Tsofaffin motoci, irin su Toyota Camry da Corolla na shekarun 1990 waɗanda har yanzu ba su ƙare a hanya ba, ƙofarsu ba da ɗan injin lantarki take buɗewa ba, zuƙar iska ce ke jan wani tantanin roba. Nasu gwajin ya fi sauƙi. A bar injin isansi ya yi zafi yana ralanti, a zare siririn tiyon da ke kan ƙofar, a sa ɗan famfon zuƙa na hannu a ja. Idan inji ya yi kakkarwa ko ya mutu, to ƙofa na buɗewa kuma hanya a buɗe take, sai a koma kan tiyo da ƴar na'urar lantarkin da ke sakin zuƙar, wadda ta yi suna wajen mutuwa a waɗannan motoci. Idan zuƙar ba ta riƙe ba, tantani ya yage. Idan ta riƙe, sandar ƙofa ta ɗaga, amma inji bai ko gezau ba, hanya ce ta toshe. Tiyon roba da ya tsage don zafi, wanda ba a bakin komai yake ba, ya sha jawo wa masu motoci sayen van da ba su bukata.

A motar gazuwal ta zamani, ƙwaƙwalwa tana gane yawan hayaƙin da ya shiga ne ta hanyar ma'aunin iska, wato debimetir, wanda ke bayan filtar iska: idan ƙofar EGR ta buɗe, hayaƙi ya tare wuri, dole sabuwar iskar da ke shigowa ta ragu. Da baliz mai kyau ana iya umurtar ƙofar ta buɗe ta rufe ana kallon lissafin iskar. Idan yana sauka yana hawa sosai, sashen na aiki. Idan ƙofa na motsi amma lissafi bai sauya ba, ko hanya ta toshe ko kuwa ma'aunin ne ke ƙarya. Wannan na biyun ba baƙon abu ba ne a ƙasar hunturu da ƙura, inda ake kakkaɓe filta a mayar har sai ta huje, ƙura ta wuce ta lulluɓe ma'aunin. Ga mota nan da lambar EGR, amma cutarta tana can cikin akwatin filta.

Ita kuwa toshewar, daga ina? Hayaƙin gazuwal yana ɗauke da kunkunniya. Idan ta gamu da tururin man inji da ke fitowa daga numfashin inji zuwa hanyar iska, sai su cuɗu su zama wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya yi ta taruwa har ramin da ya kai faɗin kwalba ya koma na yatsa. Abin da ke gaggauta shi sananne ne: gajerun tafiye-tafiye cikin gari inda inji ba ya samun gudu, barin mota tana ralanti na sa'o'i saboda sanyin kilim, injektar da ta gaji, jinkirin juyen mai, da man da ba a san asalinsa ba. Waɗannan injuna an ƙera su ne don gazuwal ɗin Turai, wanda tun 2009 doka ta taƙaita farar wutar da ke cikinsa zuwa kashi 10 cikin miliyan, mai irin wannan tsabta kuwa ba ko'ina ake samunsa a Afirka ta Yamma ba, balle wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi. Wanda ya wanke ƙofa bai gyara injektar da ke haifar da kunkunniyar ba, zai dawo.

Wankin kansa yana da ladabi. A cire ƙofar, a kankare da buroshi da maganin wanke karbireta, ba tare da an tsoma ɓangaren lantarkin cikin ruwan ba. A bi bututun da ke kai hayaƙi da bakin hanyar iska, amma a kiyaye kada ɓarɓashi ya faɗa cikin inji. A sa sabon juwan. Motoci da yawa kuma, bayan an wanke ko an sauya ƙofa, sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa inda rufewa take da inda buɗewa take, ta hanyar baliz. In ba a yi ba, sabuwar van fil za ta iya kunna fitila kamar tsohuwar. Mai sayen ta hannu a Katako ko Ƙofar Ruwa ta Kano kuma ya tabbata lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar, domin kamar jiki ba ta isa ba.

Akwai wani sashe da ake mantawa da shi, wato ɗan akwatin da ke sanyaya hayaƙin da ruwan radiyata kafin ya koma inji. Idan ya tsage daga ciki, ruwa zai riƙa raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi ya riƙa fita daga salansa. Da yawa sukan ce juwan kulas ne, a kwance kan inji gaba ɗaya a banza. Gwada akwatin da matsin iska ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma abin ba na wasa ba ne: a 2018, bayan motocin BMW masu gazuwal da dama sun kama wuta a Koriya ta Kudu, kamfanin ya kira motoci wajen miliyan 1.6 a faɗin duniya a kan wannan akwati, domin ruwan da ke yoyo yana cuɗuwa da kunkunniya, zafi ya kunna su. Mai sayen irin wannan mota ta hannu yana da haƙƙin tambaya ko an yi mata wannan gyara kafin ta baro ƙasar da ta fito.

Saura maganar toshewa da ƙarfen gwangwani. A faɗi gaskiya, a matsayin gwaji dabara ce mai kyau: idan motar da ke hayaƙi ba ƙarfi ta warware da zarar an toshe hanyar na ɗan lokaci, an gane ƙofa ce ta maƙale a buɗe. Gaskiya ne kuma motar gazuwal da aka toshe ba ta ƙara tara kwalta a hanyar iskarta, shi ya sa masu yin haka ke rantsuwa da shi. Amma lissafin bai tsaya nan ba. A injin isansi, ƙwaƙwalwa tana tsara lokacin tartsatsin buji ne da zaton hayaƙin na shigowa, idan babu shi sai ƙarar tsakuwar nan ta zauna, a daɗe kuma ta ci fistin. A motar gazuwal ta zamani, ƙwaƙwalwa za ta ga iska ba ta raguwa, ta kunna fitila, wata ma ta rage wa inji ƙarfi da gangan. Daga nan sai a je a goge sashen daga cikin ƙwaƙwalwa, ko a cire ƙwan fitilar, mai mota ya rasa abin da zai gargaɗe shi ranar da wata babbar cuta ta taso. Gubar da aka ƙera ƙofar don ragewa kuwa, ba direban da ke cikin gilashi ke shaƙarta ba, mai tuyar ƙosai a bakin titi ce, da ɗan kabu-kabun da ke bin bayan motar, da ɗan sandan da ke tsaye yini guda a mahaɗa.

Bayan an gama gyara an goge lamba, kada mai mota ya ɗauki mutuwar fitila a bakin gareji a matsayin shaida. Lambobin wuta sukan dawo nan da nan idan ɓacin na nan, amma na hayaƙi irin su P0401 sai ƙwaƙwalwa ta sake yin nata gwajin, inji da zafi, mota na tafiya a kan hanya, kuma a motoci da yawa sai ta ga ɓacin a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Don haka ya dace makanike da mai mota su yi yarjejeniya tun farko: a fita da motar kan babbar hanya, a kashe a sake tayarwa, a yi kwana biyu ko uku ana aiki da ita, sannan a dawo a sake jona baliz a duba har da lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda ba su kai ga kunna fitila ba tukuna. Idan kuma an sauya van, a miƙa wa mai mota tsohuwar a hannunsa, tare da takardar da aka rubuta lambar farko da abin da ma'auni ya nuna.